Shekara 17 a ɗakin gwaji: Darasin Zhores Alferov ga matasan fasaha

Duk wanda ke riƙe da waya a ranar 14 ga Maris, 2024 zai tuna yadda intanet ta yi tsit. Ana cikin azumi, manhajojin banki suka ƙi buɗewa, saƙon WhatsApp ya tsaya da alamar agogo. Daga baya aka gano cewa manyan wayoyin ƙarƙashin teku ne suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, ciki har da MainOne da WACS da SAT-3. Ranar ce da yawa daga cikinmu suka fara sanin cewa datar da muke saya haske ce da ke gudu cikin zaren gilashi. Abin da ke kunna wannan hasken kuma wata 'yar leza ce da ba ta kai ƙwayar gero ba.

Ina so in ba ku labarin ɗaya daga cikin mutanen da suka sa wannan lezar ta yiwu, domin ina ganin akwai kuskuren da muke yi a kan abin da muke kira fasaha.

An haifi Zhores Alferov a 1930 a garin Vitebsk, cikin Belarus ta yau, a zamanin Tarayyar Sobiyet. Ya kammala karatu a Leningrad a 1952, ya shiga Cibiyar Ioffe a 1953. A nan ya yi rayuwarsa ta bincike, har ya shugabanci cibiyar daga 1987 zuwa 2003. Shekarunsa na farko a kan taransisto da na'urorin sarrafa wutar lantarki suka tafi, aikin da ba ya sa a ji sunan mutum a rediyo.

A 1962 Robert Hall na kamfanin General Electric a Amurka ya kunna leza ta farko da aka yi da semikondakta, wato irin sinadarin da ake ƙera kwakwalwar waya da kwamfuta da shi. Sai dai lezar tana da babbar naƙasa. Wutar da take ci ta yi yawa, zafi yana kashe ta, don haka sai an tsoma ta cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma walƙiya kawai take yi ta ɗauke. Babu mai sa irin wannan a cikin na'urar da za a sayar a kasuwa.

Matsalar ita ce elektiron da hasken da suke haifarwa suna watsewa ko'ina cikin sinadarin, kamar awaki a fili babu shinge. A 1963 Alferov da abokin aikinsa Rudolf Kazarinov suka kawo shawara, kuma a shekarar Herbert Kroemer, Bajamushe mai aiki a Amurka, ya kawo irinta ba tare da sun haɗa baki ba. Suka ce a shimfiɗa siririn sinadari ɗaya tsakanin wasu biyu na daban, na gefen su zama katanga. Elektiron za su taru a tsakiya, hasken ma ya maƙale a nan, sai wuta kaɗan ta isa.

A takarda abin yana da sauƙi, wajen ginawa ne aka sha wuya. Ƙwayoyin atam na kowane kiristal suna jere ne da tazararsu, kuma idan ka ɗora biyu masu tazara daban, mahaɗar za ta cika da tsaga, kamar maginin da ya haɗa bulo mai inci shida da mai inci tara a layi ɗaya. Masana da yawa sun ɗauka ba za a taɓa samun biyun da suka dace ba. Galiyam asenayid yana da abokin da tazararsu ta zo kusan ɗaya, wato aluminiyam asenayid, amma shi wannan danshin iska kaɗai yana lalata shi. Sai aka tarar da wasu ƙananan kiristal na gaurayen biyun da suka shafe sama da shekara biyu a aljihun teburin wani ma'aikacin cibiyar ba su lalace ba. Daga nan hanya ta buɗe.

A 1970 ƙungiyar Alferov ta kunna lezar da ke ci ba tsayawa a yanayin ɗaki, babu naitirojin. Makonni kaɗan bayan haka Izuo Hayashi da Morton Panish suka yi irinta a Bell Labs na Amurka. A wannan shekarar dai kamfanin Corning ya samar da zaren gilashin da haske zai iya tafiya mai nisa a ciki. Shekara bakwai ke nan daga shawara zuwa sakamako, shekara 17 daga ranar da Alferov ya fara aiki.

Bai tsaya nan ba. Idan aka rage kaurin shimfiɗar tsakiya zuwa kusan nanomita goma, wato kashi ɗaya cikin dubu ɗari na milimita, elektiron sukan daina hali irin na ƙananan ƙwallaye, su koma bin dokokin kwantam. Ƙarfin da za su iya ɗauka ya zama mataki-mataki kamar matattakalar bene, kuma injiniya zai iya zaɓar launin hasken ta hanyar sauya kaurin kawai. Wannan ake kira rijiyar kwantam. Da aka matse su ta kowane ɓangare sai aka samu ɗigon kwantam, wanda Yasuhiko Arakawa da Hiroyuki Sakaki na Japan suka yi hasashen amfaninsa ga leza a 1982. Masu binciken Ioffe tare da ƙungiyar Dieter Bimberg ta Balin suka nuna lezar tana aiki a 1994, lokacin da Sobiyet ta rushe kuma kuɗin bincike ya ƙafe a Rasha. A 2000 Alferov da Kroemer suka raba rabin kyautar Nobel ta fiziks, ɗaya rabin ya tafi ga Jack Kilby. Alferov ya rasu a 2019.

Yanzu duba wayarka. Face ID da ya zo da iPhone X a 2017 yana fesa wa fuska ɗigon haske sama da 30,000 da ido ba ya gani, daga lezar da aka gina a kan wannan tsarin shimfiɗa. Abin da ke ƙara wa siginarka ƙarfi ta kai ga ƙarfen sabis, a wayoyi da yawa, taransisto ne na galiyam asenayid mai irin wannan ginin.

Ga inda nake da ƙorafi, kuma da kaina zan fara. Ni mai rubuta manhaja ne, a waya da bidiyon YouTube na koya. A tsakaninmu, idan aka ce fasaha ana nufin manhaja, kirifto, ko kwas na wata uku da zai kawo dala. Idan ƙanenka ya ce JAMB ta ba shi fiziks, ta'aziyya ake yi masa, a ce ƙarshenta dai alli zai riƙe. Na taɓa faɗa wa wani ƙanen abokina haka, kuma yau ina jin kunyar maganar. Duk layin da na rubuta yana tafiya ne a kan aikin mutanen da suka yi shekaru suna gasa kiristal suna zubarwa.

Na san abin da za a ce mini: Alferov gwamnati ce ke biyansa, yana da ɗakin gwaji da wuta, mu kuwa cefanen gobe muke nema. Gaskiya ne, kuma ba zan ce wa kowa ya bar abin da ke ciyar da gidansu ba. Amma wannan hujjar ta ƙara nuna inda gyaran yake. Shirye-shirye irin 3MTT na horar da matasa miliyan uku suna da amfani, sai dai ƙasar da ta tsaya a nan za ta ci gaba da sayen kowane guntun ƙarfe daga waje, ta kuma jira jirgin ruwan wasu ya zo gyara idan waya ta tsinke a teku. Duk lokacin da ake maganar kasafin fasaha, mu da muke da baki a soshiyal midiya ya kamata mu riƙa tambayar nawa aka ware wa ɗakunan gwaji na jami'o'i, da wutarsu, da albashin masu bincike.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar gwamnati. Ka ware awa ɗaya a mako ka koyi abin da ke ƙarƙashin allon wayarka: yadda taransisto ke aiki, yadda haske ke ɗaukar data. Idan ƙanwarka ta ce fiziks take so, ka saya mata littafi, ka bar zolaya. Mahakurci mawadaci, in ji Hausawa, kuma Alferov ya jira shekara 30 bayan lezarsa ta kama kafin a kira shi Stockholm.