Nasiha Ga Iyayen Gida: Ku Saki Yaranku Su Nemi Ilmin Wuta Da Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana malamai da attajirai masu karanta wannan fili, ina so in sa muku wata mas'ala a gaba, wadda aka kawo mini zaure a watan jiya. Da na dube ta sai na ga ta shafi jama'a duka, ko da yake mutum ɗaya ne ya zo da ita.

Akwai wani almajirina da ya sauke Alƙur'ani a hannuna, sa'an nan ya shiga sana'ar wayarin a ƙarƙashin wani maigida mai karɓar kwangilar gine-gine. Yau shekararsa tara cikin sana'ar, yana da mata da 'ya'ya biyu, ya kuma daure ya yi ajin dare har ya sami takardar sakandare. Ya zo mini bayan sallar isha'i, ya durƙusa, ya ce, "Allah ya gafarta malam, ina so in shiga karatun injiniya irin wanda ake yi tare da aiki, amma maigidana ya ce taura biyu ba ta taunuwa, in zaɓa, ko aiki ko makaranta." Na ce masa ya ba ni kwana bakwai. Na yi tambaya wurin masu sani, na yi tunani, na kuma je na faɗa wa maigidan nasa abin da na gani baki da baki, kafin in rubuta shi nan.

Farko dai bari mu san mene ne wannan ilmi. Magini yakan ta da bango ya rufa ɗaki, amma ginin zamani ba ya zaunuwa sai an sa masa wuta, an ja masa ruwa, an yi wa ƙazanta hanyar fita, an san ta inda iska za ta shiga da inda za ta fita, an kuma yi tanadin abin da za a yi ranar da gobara ta tashi. Tsara waɗannan duka da lissafi, tun ginin yana kan takarda, shi ne fannin injiniya da yaron nan ke nema. Mai wayarin da mai aikin famfo da mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki su ne hannuwan wannan aiki. Injiniyan shi ne mai faɗa musu kaurin waya, da faɗin bututu, da dalilin da ya sa aka zaɓi wannan aka bar wancan.

Kada wani ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Na sa yaron ya yi mini bayani, ga kaɗan daga abin da na riƙe. Wutar da ke shiga gidajenmu ƙarfinta bolt 230 ne. Abin dafa ruwa mai cin wat 3,000 yana jan kamar amfiya 13 shi kaɗai. Wayar fitilu kaurinta murabba'in milimita 1.5 ne, ta soket 2.5, kowace da iyakar abin da take iya ɗauka. Idan aka ninka wutar da ke bi ta cikin waya sau biyu, zafin da wayar ke yi sau huɗu yake ninkuwa. To, ka ga mai shago ya sa firji, ya ƙara dutsen guga, ya ƙara na'urar sanyi a kan wayar da aka ja domin ƙwai biyu da fanka ɗaya, wayar kuwa tana cikin bango ko bisan silin inda ido ba ya gani. Haka kuma ruwa: lita 1,000 nauyinta kilo 1,000 ne, watau tankin lita 2,000 da ake ɗora wa saman ɗaki daidai yake da buhun siminti arba'in. Hayaƙin janareta kuma yana ɗauke da wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari, wadda takan kashe mutanen ɗaki suna barci. Wanda ya ga kasuwar Sabon Gari ta Kano bayan gobarar watan Maris na 2016, inda dubban shaguna suka ƙone, ya san abin da wuta ke yi wa dukiyar shekara talatin cikin dare ɗaya.

Mu malamai mun san hukuncin ruwa tun daga ƙananan littattafai: a dubi launinsa, da ɗanɗanonsa, da ƙamshinsa. Wannan hukuncin tsarki ne, yana nan yadda yake. Amma ruwa yana iya zama garau ga ido da harshe, alhali kuwa yana ɗauke da cuta. A shekarar 1854 annobar kwalara ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana ƙidaya mamata, har ya gane cewa yawancinsu daga famfon rijiya ɗaya suke sha. Daga baya aka tona aka tarar ramin ƙazanta ne kusa da ita ke yoyo. Saboda haka ne masana ke cewa a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Ku duba unguwanninmu, gida nawa ne aka auna wannan?

Tun da haka ne, hukuncin neman wannan ilmi a wurina bayyananne ne. Imam Gazali, a farkon Ihya'u, ya lissafa likitanci da lissafi da manyan sana'o'i cikin farillan kifaya, watau abin da in wasu suka yi ya faɗi a kan saura, in kuwa aka rasa mai yi, laifi ya hau kan kowa. A zamaninsa babu wayar lantarki. Yau kuwa babu masallaci, ko asibiti, ko kasuwa, ko makarantar allo ta cikin gari da ba ta rataya da ita ba.

Sauran magana ita ce hanyar nema. Idan aka ce, ai karatu tare da aiki rabin karatu ne, sai mu ce: to, mu da wace hanya muka yi namu? Wane ɗan kasuwa ne a Kurmi ko Kantin Kwari ya rufe shagonsa shekara huɗu kafin ya karanta Ahalari da Iziyya da Risala? Bayan asuba yakan zauna gaban malam ya ɗauki baƙi biyu ko uku, hantsi ya yi ya tafi kasuwa, tsakanin magariba da isha'i ya dawo ya maimaita. A haka madugai da marina da maɗinka suka zama malamai, wasunsu har suka kai Muhtasar. Kuma kowa ya sani, ɗan kasuwar da ya karanta babin ciniki yana cikin ciniki ya fi gane shi da wanda bai taɓa auna mudu ba, domin kowace mas'ala aka karanta masa, ya riga ya gamu da ita a rumfa.

Akwai ma magabaci a wannan fanni shi kansa. A birnin Tunis, cikin ƙarni na takwas na hijira, an yi wani magini da ake kira Ibnur Rami. Sana'arsa gini ce, ya kuma nemi fiƙihun Malikiyya, har alƙalai suka riƙa aika shi ya duba musu gardamar bango da magudanar ruwa da hayaƙin da ke cutar da maƙwabci. Ya bar littafi a kan hukunce-hukuncen gini wanda har yau ana karanta shi. Da ya tsaya ga sana'a kaɗai, da ya mutu da saninsa. Da ya tsaya ga littafi kaɗai, da bai san yadda ruwa ke cin gindin bango ba.

Turawan Ingila ma wannan hanya suka bi. A shekarar 1897 masu aikin ɗumama ɗaki da shigar da iska suka kafa ƙungiyarsu, wadda ta sami takardar amincewar sarauta a 1976. A 1947 aka buɗe wata kwaleji ta musamman domin wannan fanni a kudancin Landan, wadda daga baya ta shiga cikin makarantar da yau ake kira Jami'ar London South Bank. Tsarin da suka saba da shi shi ne ma'aikaci ya yi kwana huɗu a wurin aiki, maigida ya sake shi yini ɗaya a mako ya tafi aji, da albashinsa cikakke. Digirin da mai zaman makaranta ke gamawa cikin shekara uku, shi sai ya ɗauki huɗu ko biyar. A 2017 kuma hukumarsu ta ɗora wa manyan kamfanoni harajin fam ɗaya cikin kowane fam 200 na albashin da suke biya, domin horar da masu koyon sana'a. Mu ma nan Nijeriya tun 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata, wanda iyayen gida ke zuba kuɗi a ciki, kwalejojin fasaha da dama kuma suna da ajin yamma da na ƙarshen mako. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne maigidan da zai ce wa yaronsa, tafi, na yafe maka yinin.

Idan maigida ya ce, ina tsoron in sake shi ya yi karatu, ya sami takarda, ya bar ni, sai mu ce: tsoronka yana da dalili, amma maganinsa a hannunka yake. Ku attajirai kun fi kowa sanin yarjejeniya. A rubuta, a sa shaidu: zan sake ka yini kaza, zan biya kaza daga kuɗin makaranta, kai kuma za ka zauna tare da ni shekara kaza bayan ka gama. Sa'an nan ka yi wannan lissafi: yini ɗaya a mako yini hamsin da biyu ne a shekara. Auna shi da asarar gini ɗaya da za a ce yaronka ne ya ja masa waya ya ƙone, da sunanka da zai tafi tare da shi. Bayan wannan kuma, duk aikin da ya kai wani girma a yanzu sai ka ɗauko injiniya daga waje ya zana maka, ka biya shi, alhali ga yaron da ka rena, ka san gaskiyarsa da amanarsa.

Ba zan ɓoye wa masu niyya wahalar abin ba. Mutum ya wuni bisa tsani cikin rana, ya dawo ya buɗe littafin lissafi, iyali na jiran haƙƙinsu, salla na jiran lokacinta, a yi haka shekara biyar, wannan sai mai haƙuri. Lissafin ma ba na kasuwa ba ne, akwai aljabara da abin da ya fi ta zurfi, ko da yake mai jin tsoronta ya tuna sunanta ma daga littafin Khawarizmi na Bagadaza aka samo shi. Saboda haka ina ba su shawara uku. Ta farko, kada a biya ko kwabo sai an tabbata hukumar jami'o'i, ko hukumar ilmin fasaha da ke Kaduna, da majalisar da ke yi wa injiniyoyi rajista, wadda aka kafa a 1970, sun amince da wannan karatu a wannan tsari, domin ba kowane ajin yamma ne ke kai mutum ga rajista ba. Ta biyu, a shawarci iyali tun farko, domin su ma za su ɗauki rabon wahalar. Ta uku, ita ce mafi girma, a je domin sani. Akwai masu shiga irin wannan karatu su biya kuɗi, su ƙi zuwa aji, su nemi takarda ta bayan gida. Wannan ya fi jahili haɗari, domin jahili ana tsoron ba shi babban aiki, shi kuwa an amince masa. Mu a zaure ba mu ba da izinin karantar da littafi ga wanda bai zauna ya karanta shi ba, kuma wanda ya karɓi izini a kan ƙarya, zunubin duk wanda ya ɓatar yana wuyansa.

Ga 'yan'uwana malamai kuma ina da magana. Yawancin masu wayarin da masu famfo na garuruwanmu ta hannunmu suka bi. In ɗayansu ya zo neman shawara, kada mu sanyaya masa gwiwa da cewa boko zai raba shi da karatunsa. Mu sa masa sharaɗi ya riƙe tilawarsa, mu matsar masa da darasinsa zuwa asuba in dare ya ƙi, mu kuma tuna masa cewa aikin da ake binnewa cikin bango a shafe da siminti amana ce, mai gida ba ya gani, Allah Yana gani. Tsoron Allah da muka koya masa shi zai hana shi sa wayar jabu ya karɓi kuɗin mai kyau. Amma sanin wace waya ce ta dace, wannan ba mu da shi, sai ya je inda ake koyar da shi.

Maigidan yaron nan ya saurare ni da ladabi, ya ce in ba shi lokaci ya yi shawara da abokin kwangilarsa. Har ranar da nake wannan rubutu ina jiran amsarsa, kuma na san yana karanta wannan fili. Ina roƙonsa, da duk mai yara a ƙarƙashinsa, ya dubi abin nan da idon rahama da idon ciniki gaba ɗaya.

Allah Ya kiyaye mu da dukiyoyinmu daga gobara, Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Haza wasalam.