Tiyon da Aka Toshe da Kusa

Duk wanda ya buɗe bonet ɗin tsohuwar mota a Sakkwato, ko Peugeot 504 ce daga cikin waɗanda kamfanin PAN ya haɗa a Kaduna, ko Golf ko Honda 'yar Kwatano, da wuya ya rasa ganin wani siririn tiyo na roba yana reto, an cusa masa kusa ko tsinke a baki. Idan ka tambaya, amsar ɗaya ce: “Ba ya da amfani, Oga, na Turawa ne.” Wannan amsa ce nake son mu duba a wannan mako, domin tana cin kuɗin mutane, wani lokaci ma tana taɓa rayukansu.

Injin fetur zuƙar iska yake yi. Idan fistin ya yi ƙasa alhali maƙogwaron totur yana kusan rufe, sai matsin iska ya ragu a bututun da ke kai iska cikin injin, a sami zuƙa mai ƙarfi. Masu ƙera mota ba su bar wannan zuƙa ta tafi a banza ba, sai suka ja ta da tiyo zuwa wurare daban-daban. Akwai tiyon da ke zuwa dilko domin gaggauta tartsatsin fulogi idan mota ta ɗauki hanya. Akwai mai kwashe tururin mai daga cikin injin. A motocin da ba su da kafireta, akwai mai zuwa na'urar daidaita matsin fetur. Mafi kauri a cikinsu kuwa shi ne mai zuwa baƙar gangar ƙarfen nan da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi idan ya taka birki.

Zafin Sakkwato, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, da ƙurar hunturu da ɗumin injin, su ne ke busar da robar har ta tsage. Iska ta shiga ta inda ba a auna ta ba, ma'aunin kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur ya rikice, mota ta fara karkarwa tana mutuwa a tsaye. Maganin da aka saba yi shi ne a ɗaga silo, a toshe tiyon da ya fi kusa da hannu. Karkarwa ta lafa, mai mota ya biya ya tafi da murna. Amma ciwon yana nan. Dilkon da aka raba da tiyonsa yana sa injin shan mai da ɗaukar zafi, kuma tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ɓarna ta wuce a kau da kai gare ta.

Na birki ne ya fi tayar mini da hankali. Mutum ya ratso cunkoson Ƙofar Marke da yamma, ga 'yan kabu-kabu, ga Keke Napep, ga yara 'yan makaranta suna tsallaka titi, ya taka birki ya ji kamar dutse ya taka. Gwajin kuwa ba ya cin minti guda. A kashe mota, a taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, a riƙe shi a take, sannan a tayar da injin. Idan ƙafa ta ɗan nutse, zuƙa tana isa. Idan ba ta motsa ba, a duba tiyon da ɗan bawul ɗin da ke kansa, wanda sau da yawa ake juya shi a baibai wajen mayarwa.

Ban yarda da masu ɗora laifin duka a kan makanikai ba. Yaron gareji ya koyi sana'a da ido da kunne, kuma kunnensa kan gano ƙarar shigar iska kafin mu masu digiri mu gama karanta littafin mota. Abin da ba a nuna masa ba shi ne taswira. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka suna zuwa da takarda manne a cikin bonet mai zanen hanyar kowane tiyo, sai dai da Turanci take, cike da gajerun haruffa, kuma sau da yawa mai ya shafe ta. Inda babu ita, tiyon kansa yana ba da labari, domin tsawonsa da lanƙwasar da ya daskare a kai suna nuna bakin da ya fito. Yatsa ma malami ne: wani baki yana zuƙa tun mota tana silo, wani sai an taka totur. Wanda ya musanya waɗannan biyu zai wuni yana zargin kafireta. Wayar da ke aljihun kowane yaro kuma ta isa a ɗauki hoto kafin a cire komai, a riƙa sauyawa ɗaya bayan ɗaya.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi tana cikin garin nan, haka ma Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma makanikai suna da ƙungiyarsu ta NATA. Ban ga abin da zai hana ɗalibai su zana taswirar tiyo ta motoci goma da suka fi yawa a titunanmu ba, da Hausa, da boko da ajami, a buga a kati mai jure maiƙo, a raba wa gareji-gareji. Aikin kammala karatu na ɗalibi biyu ko uku ne, kuma kuɗin bugawa bai kai na cika tankin mota sau biyu ba.