Kuɗin damana, buhun kaka: me ya sa ɗan kasuwa ke karya farashi?

Duk shekara zancen ɗaya ne daga Tibiri har Jiratawa. Manomi ya karɓi kuɗi hannun ɗan kasuwa tun farkon damana, da alkawarin zai kawo buhun wake ko hatsi in kaka ta yi. Farashin da ake yanke masa kuwa ba ya kai na kasuwar Maraɗi. Manoma na cewa zalunci ne. Wani lokaci gaskiyarsu, amma akwai lissafi a ciki.

Shi ɗan kasuwan ma sau da yawa kuɗin ba nasa ba ne. A 2014 an kayyade iyakar kuɗin ruwa a ƙasashen sefa na yammacin Afirka: kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun bashi. Misali, wanda ya ranto jika 100 a kan 24, wata 5 kawai jika 10 ta hau kansa, tun bai ga ƙwaya ɗaya ba.

Sai tsoron saɓa alkawari. In ya ba mutum 10, fari ko ambaliya ta cinye gonar ɗaya, wa zai biya? Sauran 9 ne, cikin farashin da aka rage musu. Ka ga mai riƙon amana shi ke ɗauke da nauyin wanda ya kasa.

Manyan bankunan duniya ma sai da Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka a Satumba 2008 suka dage da saka waɗannan abubuwa biyu cikin farashin yarjejeniyoyinsu.

Namu ya fi nasu wuya, don akwai iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe hanyar Dan Isa da Jibiya watanni, naira ta faɗi, sannan a Oktoba 2024 hukumomi suka hana fitar da hatsi, dawa da wake sai zuwa Mali da Burkina Faso. Wanda ya zuba kuɗi yana hangen Kano, lissafinsa ya wargaje.

A ganinmu, ajiyar amfanin gona a rumbun ƙungiya a karɓi bashi a kansa ta fi wa manomi, tunda jingina na rage tsoron mai ba da kuɗi. Sai dai wannan bayan girbi ne, manomi kuwa a watan Yuni yake neman kuɗin taki.