Daga Tombalbaye zuwa Mahamat Kaka: Wa Aka Taɓa Tambaya Kan Ƙudus?

Ranar Lahadi 20 ga Janairun 2019 jirgin Benjamin Netanyahu ya sauka a Njamena. Ko kwana bai yi ba. Ya shiga fadar shugaban ƙasa, suka tsaya gaban 'yan jarida shi da marigayi Idriss Deby, suka sanar cewa Cadi da Isra'ila sun mayar da hulɗar jakadancin da aka yanke tun 1972. A safiyar ranar ce kuma mayaƙa suka far wa sansanin sojojinmu da ke aikin wanzar da zaman lafiya a Aguelhok, can arewacin Mali, suka kashe 10 daga cikinsu. Reshen Alƙa'ida na yankin ya ce martani ne ga ziyarar. Masu irin wannan ta'asa ba sa rasa hujja, da baƙon bai zo ba ma da sun samo wata. Amma iyayen waɗannan samari, kamar sauran 'yan ƙasa, a rediyo suka ji cewa ƙasarsu ta sauya matsayi kan rikicin da ya fi kowane daɗewa a zukatan Musulmi.

Haka abin yake tun fil azal. An ƙulla da Isra'ila, an yanke, an sake ƙullawa, kuma a kowane karo abin da aka ɗora a ma'auni shi ne kujerar mai mulki. Ba a auna Bafalasɗine ba, ba a auna talakan Cadi ba.

Mu koma zamanin Tombalbaye, shugaban Cadi na farko. Bayan samun 'yanci a 1960, Isra'ila na cikin ƙasashen da suka yi saurin miƙo hannu ga sababbin ƙasashen Afirka, da masana aikin gona da horar da matasa, a ƙarƙashin siyasar Golda Meir. Tombalbaye ya karɓa, har ya kai ziyara can a 1965. A shekarar ce manoman Mangalme suka yi bore saboda zaluncin masu karɓar haraji, a 1966 kuma aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a Nyala ta ƙasar Sudan. Da Gaddafi ya hau mulkin Libiya a 1969, 'yan tawaye suka sami uban gida mai kuɗin mai da makamai. Tombalbaye ya yanke hulɗa da Tirifoli a 1971, sai da Diori Hamani na Nijar ya shiga tsakani aka shirya a shekarar da ta biyo baya. Farashin shirin bai ɓuya ba. A Nuwamban 1972, watan da Sarki Faisal na Saudiyya ya ziyarci Fort-Lamy, kamar yadda ake kiran garin nan na Njamena a lokacin, Cadi ta sallami Isra'ila. Gaddafi ya yi alkawarin kuɗi da janye hannu daga 'yan tawaye.

Me aka samu? Daga Saudiyya an sami babban masallacin da ke tsakiyar gari, wanda har yau yake ɗauke da sunan Sarki Faisal, kuma ba na raina wannan. Daga Libiya kuwa, shekara ba ta zagayo da kyau ba sai ga sojojinta a zirin Awuzu. Tombalbaye kansa sojojinsa suka kashe shi a Afrilun 1975. Wanda ya ce an yanke hulɗar 1972 ne don tausayin mutanen da aka mamaye wa ƙasa a 1967, to ya bayyana mana abin da ya sa aka jira shekara biyar kafin tausayin ya motsa. Nijar ta bi sahu a Janairun 1973, Najeriya ta Janar Gowon a Oktoban shekarar, lokacin yaƙin Masar da Isra'ila. Kowa da lissafinsa.

Lissafin Deby ma ba shi da wuyar karantawa. Farashin mai ya faɗi, bashin kamfanin Glencore na sama da dala biliyan ɗaya ya shaƙe baitulmali, Boko Haram ta tayar da bama-bamai a hedikwatar 'yan sanda da babbar kasuwa a 2015, 'yan tawaye na taruwa a kudancin Libiya. Sannan a Satumban 2017 Donald Trump ya sa Cadi cikin jerin ƙasashen da aka hana 'ya'yansu shiga Amurka, ƙasar da sojojinta ke mutuwa a Mali da Tafkin Cadi a yaƙin da Amurkar ke kira nata. An cire sunan a Afrilun 2018, amma darasin ya shiga: Deby na neman makamai, da kayan leƙen asiri, da wanda zai yi masa iso a Washinton. Netanyahu shi kuma yana neman hoto da shugaban ƙasar da Musulmi suka fi yawa, da ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, da izinin jiragensa su ratsa samaniyarmu zuwa Kudancin Amurka. Deby ya je Ƙudus a Nuwamban 2018, ya ce sabuwar hulɗar ba za ta sa a manta da batun Falasɗinu ba, aka tafa, aka wuce.

Ɗansa Mahamat Kaka ya ɗora daga nan. A Fabrairun 2023 ya buɗe ofishin jakadanci a Ramat Gan, kusa da Tel Abib, ya kuma shiga Masallacin Al-Aƙsa. Wata tara bayan haka, ranar 4 ga Nuwamba, Gaza na cin wuta, gwamnati ta kira wakilinta gida don tuntuɓa. Kiran wakili ba yanke hulɗa ba ne, mataki ne da ake ɗauka don a ce an yi wani abu. Ita kuma ƙofar Washinton da aka biya wa wannan tsada, a Yunin 2025 Trump ya sake sa Cadi a jerin hana shiga, har shugaban ƙasa ya mayar da martani da dakatar da ba Amurkawa biza. In dai iso ake nema, ga sakamakonsa.

Akwai wani abin da yake ba ni dariya mai ɗaci. A Yulin 2021 Moussa Faki Mahamat, ɗan ƙasar nan, yana shugaban hukumar Tarayyar Afirka, ya ba Isra'ila kujerar 'yar kallo, Aljeriya da Afirka ta Kudu suka yi tsalle suka dire, rigimar ta kai ga fitar da wata jami'ar Isra'ila daga zauren taro a Adis Ababa a Fabrairun 2023. Watanni kaɗan bayan shawarar Faki, wani ɗan ƙasar nan, Hissein Brahim Taha, ya kama aiki a matsayin babban sakataren ƙungiyar ƙasashen Musulmi, wadda aka kafa a Rabat a 1969 saboda wutar da aka cinna wa Al-Aƙsa. Dukansu tsofaffin ministocin harkokin wajenmu ne, daga ofishi ɗaya suka fito. Wasu na kiran wannan gwaninta. Ni dai ina ganin jifan gafiyar Ɓaidu ne da harkar waje, wanda ya samu nasa ne.

Alhali alaƙarmu da Ƙudus ta girmi duk waɗannan shugabanni, ta girmi ƙasar Cadi kanta. Garin nan zango ne a hanyar alhazai ta ƙasa. Daga Kano da Katsina da Damagaram da Kukawa ake tasowa, a ƙetare kogi ta Kusuri, a yada zango a nan, a yi ƙira ko ɗinki ko fawa ko yankan farce har guzuri ya taru, sannan a nufi Abeshe, Jinaina, Fashir, har bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru, wasu a hanya ake haifarsu su yi aure a hanya. Da yawa daga gidajen Hausawan Njamena da Abeshe asalinsu ke nan: kakan ya taso Makka, Allah ya tsaga rabonsa a nan. Waɗanda suka isa kuwa, akwai masu ganin hajjinsu bai cika musu zuciya ba sai sun ƙarasa masallaci na uku, wato Al-Aƙsa.

Jikokin waɗannan suna nan a tsohon birnin Ƙudus har gobe. In ka bi lungun da ke kaiwa ƙofar Al-Aƙsa da ake kira Babul Majlis, akwai tsofaffin gine-gine biyu suna fuskantar juna, Ribat Mansuri da Ribat Ala'uddin, waɗanda sarakunan Mamluk suka gina wa masu ziyara a ƙarni na 13, Turkawa suka mayar da su kurkuku a ƙarshen mulkinsu. A zamanin Turawan Ingila, Muftin Ƙudus Alhaji Aminul Husaini ya zaunar da 'yan Afirka a ciki, da yawansu masu gadi da hidimar masallaci. Ɗakunan ƙanana ne, an yi ta ɗora ɗaki kan ɗaki a tsakar gida yayin da iyali ke ƙaruwa, kuma shingen 'yan sandan Isra'ila na bakin ƙofarsu. Ka tambayi asalinsu ka ji: Hausa, Barno, Salamat, Bargo, Zagawa, Kanembu, Bulala. Sunayen da kake ji a kasuwar Dembe ne. Fatima Barnawi, wadda aka ɗaure a 1967 bayan yunƙurin dasa bam a wani gidan silima, mahaifinta daga Najeriya ya fito. Ali Jidda, wanda ya yi shekara 17 a kurkuku kan wani bam da ya raunata mutane a 1968, mahaifinsa mutumin Cadi ne. Ba ina wanke abin da suka yi ba ne, bam a cikin fararen hula ba shi da wanki. Ina nuna cewa a cikin mutanen da ake rubuta wa takardar zama a garin da aka haife su, takardar da za a iya ƙwacewa, akwai jininmu. Shugaban da ya je ya yi salla a Al-Aƙsa, taku kaɗan ne tsakaninsa da ƙofar gidansu.

Sai dai ba na so mu tsaya kan jini da addini kawai, domin ƙasar nan ba ta Musulmi kaɗai ba ce. A Mundu da Sar, da unguwannin Mursal da Shagwa, akwai 'yan'uwanmu Kirista da yawa da suke kallon Isra'ila ta tagar littafinsu, kuma duk wanda ya mayar da maganar nan yaƙin masallaci da coci ya manta yaƙin da aka yi a garin nan a 1979. Matsayin da ɗan Abeshe da ɗan Mundu za su iya tsayawa a kai tare shi ne na shari'a, kuma a nan Cadi ta fi kowa bakin magana. Libiya ta riƙe Awuzu shekara 20 da ƙarfin bindiga. Mun yi yaƙi, mun ci Wadi Dum a 1987, amma abin da ya dawo da zirin shi ne hukuncin Kotun Duniya na 3 ga Fabrairun 1994, kuma kafin ƙarshen Mayu sojojin Gaddafi sun kwashe. Wannan kotun dai ce, ranar 19 ga Yulin 2024, ta ba da fatawar cewa ci gaba da zaman Isra'ila a yankunan da ta kama a 1967 ya saɓa wa doka, kuma dole a daina gina matsugunai. Sama da Yahudawa 'yan kama wuri zauna 700,000 ne ke zaune a Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus. Ƙasar da kotu ta ƙwato wa yashi da duwatsunta ba ta da hurumin yin kunnen uwar shegu idan kotun ta yi magana kan gonakin zaitun na wani.

Wannan ma'aunin ba ya zaɓe. Shi ne ya ce kashe kimanin mutum 1,200 da sace kusan 250 da Hamas ta jagoranta ranar 7 ga Oktoban 2023 laifi ne, kuma ina faɗa duk da na san za a zage ni a majalisar shayi. Shi ne kuma ya ce kashe sama da mutum 60,000 a Gaza, bisa ƙidayar ma'aikatar lafiyar yankin, da rusa asibitoci, da toshe hanyar abinci ga mutum miliyan biyu, ba kare kai ba ne. Har wa yau shi ne zai tambaye mu game da Adre, inda dubban ɗaruruwan 'yan Darfur suka kwararo tun Afrilun 2023, da zargin da ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce yana da tushe, cewa makaman Daular Larabawa zuwa ga dakarun RSF na Sudan na bi ta filin jirgin Amjaras. Gwamnati ta musanta, Daular Larabawa ta musanta. Amma limamin da ya yi alƙunutu don Gaza ya tsallake Jinaina, addu'arsa na da giɓi.

Wasu abokaina na cewa a yanke hulɗar kawai a huta. Ban ƙi ba, in har a fili za a yi muhawarar a kuma faɗi dalili. Abin da nake tsoro shi ne a maimaita 1972: wani mai kuɗi ya zo da tayin da ya fi na jiya, a wayi gari an yanke, mu fita muna kabbara, bayan shekara goma wani ya zo da nasa tayin a sake ƙullawa. Masar da Jodan na da hulɗar jakadanci da Isra'ila, Afirka ta Kudu ta kai ta kotu a Disamban 2023, Nijar ta yanke tun 2002. Kowace hanya tana da masu kare ta. Tamu ce ba a san sunanta ba.

Ka tsayar da ɗan kasuwa a gadar Ngeli, ko malamin makaranta a Mongo, ka tambaye shi me aka sa wa hannu a Janairun 2019, me muka ba su, me suka ba mu, kayan leƙen asirin da ake magana a kai wa ake leƙa da su, ɗan tawaye ko ɗan jarida. Ba zai iya ba ka amsa ba, kuma haƙƙinsa ne ya sani. Yanzu muna da majalisar dokoki, tun 2025 har da ta dattawa, ana biyansu albashi daga aljihun wannan ɗan kasuwa. Cadi ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988. Ɗan majalisa ɗaya ya isa ya nemi a gayyato ministan harkokin waje zauren, a gaban kyamarar gidan talabijin na ƙasa, ya karanto yarjejeniyoyin da aka ƙulla da Isra'ila, ya kuma faɗi abin da gwamnati ta yi da fatawar kotun 2024 tun ranar da aka ba da ita.