Lissafin Da Amurkawa Ke Yi Kafin Su Taɓa Fansho

A ranar 31 ga Janairun 1940 gwamnatin Amurka ta rubuta wa Ida May Fuller, wata sakatariya daga garin Ludlow a jihar Vermont, cakin dala 22 da santi 54. Ita ce ta fara karɓar fanshon wata-wata na Social Security, tsarin da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a 1935. Duk abin da aka yanka a albashinta kafin ta ajiye aiki bai kai dala 25 ba. Sai Allah ya ja kwananta har ta cika shekara 100, ta rasu a 1975 bayan ta karɓi kusan dala 23,000. Domin irinta aka kafa tsarin: mutumin da ƙarfinsa ya ƙare amma da sauran shan ruwansa a gaba.

A yau Ba'amurke ne ke zaɓar ranar da zai fara karɓa, kuma zaɓin yana bin sa har kabari. Wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, sai ya cika 67 yake samun cikakken rabonsa. Yana iya farawa tun yana 62, amma za a rage masa kashi 30 cikin ɗari, ragin da ba ya dawowa. In ya daure ya wuce 67, kowace shekara ana ƙara masa kashi 8 har ya kai 70, inda ƙarin ke tsayawa. A ce cikakken rabon mutum dala 2,000 ne a wata. Mai gaggawa zai riƙa karɓar 1,400, mai haƙuri 2,480.

Da yawa suna karɓa da wuri, kuma hujjarsu ba baƙuwa ba ce a kunnenmu: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wa ya san gobe? Lissafi ma yana goyon bayansu na wani lokaci. Wanda ya fara a 62 ya riga ya kwashi kuɗin shekara takwas kafin ɗan'uwansa ya ga ko sisi, kuma sai wajen shekara 80 mai jiran yake kamo shi. Saboda haka sai mutum ya zauna yana auna kansa, zan kai 80 ko ba zan kai ba?

A ganina nan ne kuskuren yake. Wanda ya jira ya rasu yana 72, gaskiya ne bai ci abin da ya kamata ya ci ba, amma ba ya nan balle ya ji zafin asarar. Wanda ya yi gaggawa kuma ya kai 90, yana nan da ransa, idonsa biyu, ajiyarsa ta ƙare, gwiwa ta ƙi, kuɗin magani ya ninka, ga ɗan abin da ke shigowa an riga an gutsure shi tun shekara 28 da suka wuce. Wannan ne mutumin da ya kamata a yi lissafi dominsa. Tun 1975 kuma ana ɗaga fanshon daidai da tsadar kaya, a 2023 ƙarin ya kai kashi 8.7, kuma kowane ƙari a kan abin da mutum ke karɓa ake ɗora shi. Mai babban tushe shi ke samun babban ƙari.

Akwai kuma wadda ba a cika tunawa da ita ba. Idan miji da mata duk suna karɓa, ɗaya ya rasu, caki ɗaya ne ke saura a gidan, wato mafi girma daga cikin biyun. Mata sun fi maza daɗewa, kuma galibi mijin ne mai babban albashi. Ke nan ranar da ya zaɓi 62, ya yanke wa matarsa abin da za ta rayu da shi bayan ta fita takaba, wataƙila na shekara goma sha biyar ko ashirin.

Ba kowa ke da halin jira ba, wannan kam dole a faɗa. Magini ko direban babbar mota da bayansa ya lalace yana 61, ko mai ciwon da likita ya gaya masa gaskiya, ba a ce masa ya daure sai 70. Jira na wanda ke da abin ci ne kafin lokacin.

Mu a Najeriya ba mu da wannan zaɓin rana. Ma'aikacin gwamnati yana sauka in ya cika 60 ko ya yi shekara 35 yana aiki. Amma tun dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, akwai wata rana da zai zauna gaban jami'in kamfanin fansho da takarda a hannu, ya yanke hukunci irin na Ba'amurken. Nawa zai kwasa a dunƙule? Ragowar kuma, ya bar ta a asusunsa ana tsakuro masa duk wata, ko ya miƙa ta ga kamfanin inshora da zai biya shi har ƙarshen ransa? Ta farko tana iya yin ƙasa in rai ya yi tsawo, amma abin da ya rage na magada ne. Ta biyu ba ta yankewa, sai dai Naira ce, kuma duk wanda ya je cefane ya san abin da tsada ke yi wa adadin da ba ya motsi.

Abin da ke damuna shi ne yadda kuɗin dunƙule ke cinye hankali. Ga ginin da bai kai linta ba, ga auren 'ya, ga kujerar Makka, duk buƙatu ne na gaske, kuma duk na bana ne. Shekara ta 80 ba ta da mai tsaya mata a ɗakin. Zan so duk mai shirin ritaya ya je da matarsa ranar cike takardar, ya sa jami'in ya rubuta masa abin da zai riƙa samu a wata in ya kwashi da yawa, da abin da zai samu in ya kwashi kaɗan. Ya kuma tambaya ƙarara, a gabanta, me zai shiga hannun iyalinsa a kowace hanya in ya rasu bayan shekara biyar, me kuma zai shiga in sai bayan ashirin.