Ra'ayinmu: Mu Daina Soke-Soke Ido Rufe

'Yan'uwa ɗalibai, kowa a cikinmu ya haddace dokar nan ta raba ɓangare da ɓangare a darasin aljabara: juya na biyu, ka ninka. Amma mu nawa ne za mu iya faɗin dalili? A ganinmu, haddar da babu fahimta ita ke cinye mana maki a WAEC da NECO.

Dalilin kuwa ko a kasuwar Juma'a ta Wudil an san shi. Kwata nawa ne a rabin mudu? Biyu. Wato ½ ÷ ¼ daidai yake da ½ × 4. Da x ta shigo, dokar ba ta canza ba.

Ga misali: (x² − 9)/2x ÷ (x + 3)/4x. Mu juya na biyu ya koma 4x/(x + 3). Mu warware x² − 9 ta zama (x − 3)(x + 3). Yanzu ne sokewa ta halatta: (x + 3) ta tafi sama da ƙasa, 4x bisa 2x ya bar 2. Amsa: 2(x − 3), muddin x ba 0 ba ce, ba kuma −3 ba.

Inda muke faɗuwa shi ne gaggawa. Sai mu ga (x + 3)/x, mu soke x, mu rubuta 3. Sa x ta zama 1 ka gani: amsar 4 ce. Abin da aka ninka ake sokewa, ban da wanda aka tara.

Wasu za su ce lokacin jarrabawa ba ya isa a tsaya gwaji. Minti ɗaya ne fa. A misalinmu sa 5: 16/10 ÷ 8/20 ya ba da 4, haka ma 2(5 − 3).

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan garinmu, amma babu mai shiga karatun injiniya sai da kiredit a lissafi. Kada gaggawar sokewa ta hana mu abin da ke ƙofar gidanmu.

Muna roƙon malamanmu su riƙa tambayar mu dalili kafin amsa, su kuma bari mu yi bayani da Hausa idan Turanci ya ƙwace mana. Mu kuma, kada mu miƙa takarda sai mun gwada amsarmu da lamba.

Allah Ya ba mu sa'a.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta