Wanda Aka Haifa A Gari Ba Baƙo Ba Ne

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin 'yan'uwana mutanen Karaye da Rogo kan wata ɗabi'a da ke neman zame mana jiki. Mutum kakansa ya zo daga Katsina ko Zazzau ko Damagaram, a nan aka haifi ubansa, shi ma a nan aka binne cibiyarsa, amma ranar da ya je neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, ko rumfa a kasuwa, sai ka ji an ce ai su baƙi ne.

Jama'a, mu Hausawa mun ɗanɗani ɗacin wannan magana. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙin da ba su da takardun zama kwana 14 su fice. Fataken goro da mahautan zangon Kumasi, wasunsu a can aka haife su, suka karyar da kayansu suka hau manyan motoci. A 1983 kuma gwamnatin Shagari ta yi wa 'yan Ghana irin wannan kora.

Can Amurka ma, a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu, Shugaba Roosevelt ya ba da umurnin da ya sa aka kwashe mutum kamar 120,000 'yan asalin Japan aka tsare su a sansanoni, alhali kashi biyu cikin uku haifaffun ƙasar ne. Gonakinsu da kantunansu da yawa suka salwanta. Sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara, ta ba duk wanda ke raye dala 20,000, bayan dattawansu da yawa sun mutu.

To, mu da muke iyaka da Kaduna da Katsina, wane ne kakansa bai taso daga wani wuri ba? Da wa muke cinikin rake da hatsi in ba da waɗannan bayin Allah ba? Da su muke biyan kuɗin kasuwa, da su muke zuwa jana'iza.

Saboda haka ina kira ga masu unguwanni da dagatai da hakimai da shugabannin ƙananan hukumominmu biyu, duk wanda aka haifa a nan, aka san gidansu, a sa masa hannu ba tare da tonon asali ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.

Wani ɗan kasuwa,
Rogo, Jihar Kano.